A duba jemagu kafin a sare manyan bishiyoyi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci kan rahotonku game da sare tsofaffin bishiyoyi saboda faɗaɗa tituna. An yi maganar inuwa da zafi, amma ba a ambaci jemagun da ke kwana a kansu ba.

Mutane da yawa ƙyamar jemage suke yi, alhali aikinsa yana cikin tukunyarmu. Furen ɗorowa da na kuka da dare suke buɗewa, jemagu kuma su ne manyan masu kai ƙurar fure daga wannan bishiya zuwa waccan. Ba a samun kalwa sai ɗorowa ta yi 'ya'ya, da kalwa kuma ake yin daddawa. Duk wanda ya ga yadda suke fita tururuwa bayan magariba ya san nisan da suke ci, suna yar da iri a daji.

Shawarata ga ma'aikatun muhalli na jihohi: a tantance bishiyoyin da jemagu ke zama kafin a ba da izinin sara, a rage rassa kawai a inda hakan zai wadatar. A kuma koya wa yara kallonsu daga nesa, ba harbi da danƙo ko kamawa da hannu ba, domin suna iya ɗauke da cuta.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya