Wasiƙa ga Aminina Kan Besbol: Kulob 32, Agogo da Hannun Mai Jifa

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya aiki, yaya zaman can? Saƙonka ya iso, na kuma ga tambayoyinka a kan gasar besbol ta Amurka, wato MLB: dalilin da ya sa ake ta maganar ƙara kulob biyu, abin da ake nufi da sake raba shiyyoyi, da kuma ko sababbin dokokin nan gyara ne ko ɓarna. Duka ukun a ɗaure suke da juna, don haka bari in bi su yadda ɗaya ke jawo ɗaya.

A yau kulob 30 ne, an raba su lig biyu, American League da National League, kowane da 15, kowane lig kuma da shiyya uku: gabas, tsakiya da yamma, biyar-biyar. Babu faɗawa ƙaramin rukuni kamar a Firimiyar Ingila, kuma kulob ba ya shiga sai ya sayi gurbi. Kowane kulob na buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum. To, 15 ba ta rabuwa biyu. In ka haɗa 14 bibbiyu, ɗaya zai rage ba abokin karawa, kuma a wasan da ake yi kullum ba a iya barin kulob yana zaune. Dole wanda ya rage a wannan lig ya kara da wanda ya rage a wancan, tun daga makon farko har na ƙarshe, lokacin da ya kamata kowa ya fuskanci waɗanda suke takarar gurbi ɗaya da shi.

Wannan ciwon ya samo asali ne a 1998, da aka shigo da Arizona da Tampa Bay. Maganin da aka yi a lokacin shi ne mayar da Milwaukee zuwa National, aka sami 16 da 14. Sai shiyyar tsakiya ta National ta zama da kulob shida, shiyyar yamma ta American kuma huɗu kacal, ka ga wani yana tsere da mutum biyar, wani da uku, ladan kuma iri ɗaya. A 2013 aka mayar da Houston zuwa American don a daidaita, kuma sai da aka sa hakan cikin sharuɗɗan sayar da kulob ɗin ga Jim Crane kafin ya yiwu. An gyara rashin adalcin, an dawo da matsalar 15.

Da kulob 32 lissafin yana zama daram, 16 da 16. Hanya biyu ce: shiyya takwas mai kulob huɗu-huɗu, ko shiyya huɗu mai takwas-takwas. Ta farkon tana da daɗin lissafi. Ka buga 14 da kowane ɗaya cikin 'yan shiyyarka uku, 42 ke nan. Ka buga shida da sauran 12 na lig ɗinka, 72. Ka buga uku da kowane ɗaya cikin 16 na ɗaya lig ɗin, 48. Jimla 162 cif. In aka rage na shiyya zuwa 12, an sami 156, 'yan wasa sun samu ƙarin hutu. Amma ƙaramar shiyya na da aibi, kuma an taɓa gani. A 1994, ranar da yajin aiki ya tsayar da gasa, Texas ce ke kan gaba a shiyyar mai kulob huɗu, da nasara 52 da rashin nasara 62. Ba don yajin ba, da wataƙila kulob ɗin da ya sha kashi fiye da yadda ya ci ya ɗaga tutar shiyya. Ni dai na fi son takwas-takwas, domin wanda ya zo na ɗaya cikin takwas bayan wasa 162 babu mai cewa sa'a ce. Masu kulob kuwa za su fi karkata ga huɗu-huɗu, saboda tuta takwas ta fi huɗu sayar da tikiti a watan Satumba.

Abin da ya tayar da ƙura shi ne maganar da kwamishinan gasar, Rob Manfred, ya yi a Agustan 2025, cewa ƙarin kulob zai ba da damar sake rabo bisa taswira. Hujjarsa ba ta banza ba ce. Tsakanin gabar gabas da ta yamma akwai tazarar awa uku, don haka wasan ƙarfe 7 na yamma a Seattle ƙarfe 10 na dare ne a New York. Houston da Texas suna shiyya ɗaya da Seattle alhali awa biyu ce tsakaninsu, magoya bayansu na kwana kallon wasannin waje. Ga gajiyar jirgi. Amma in aka bi taswira zalla, Yankees da Mets na New York za su faɗa shiyya ɗaya, haka Cubs da White Sox na Chicago, haka Dodgers da Angels na yankin Los Angeles, alhali kowane biyun nan ɗaya na American ne ɗaya na National, sunan American da National ya zama fanko. Gaskiya bambancin da ke tsakanin ligin biyu ya riga ya zaizaye. An haɗe alƙalan wasa wuri ɗaya tun 2000. Dokar da ta ba wani damar dukan ƙwallo a madadin mai jifa, wadda American ta fara a 1973, ta game duka biyun a 2022. Daga 2023 kowa na karawa da kowa: a wannan shekarar an buga wasa 52 a cikin shiyya maimakon 76, 64 da sauran 'yan lig, 46 da ɗaya lig ɗin. Abin da ya rage shi ne tarihi, National tun 1876, American tun 1901, kuma wannan tarihin ne ke sa uba ya kai ɗansa fili. A ganina a gyara gefe-gefe, a sauya wa kulob biyu ko uku wuri, a bar ginshiƙan. Duk rabon da zai raba Cubs da Cardinals, ko Dodgers da Giants, ko Yankees da Red Sox, ya ɓata fiye da abin da ya gyara. Kuma kulob ba sa yarda cikin sauƙi. Daga 1969 zuwa 1993 Atlanta da Cincinnati suna shiyyar yamma, Chicago da St. Louis suna gabas, abin da ya saɓa wa taswira ƙarara. Da kwamishina Fay Vincent ya nemi gyarawa a 1992, Cubs suka kai shi kotu, kuma kafin shekarar ta ƙare ya bar kujerar.

Me ya hana ƙarin tun 1998? Filaye. Ba za a sayar da sabon gari ba alhali tsofaffin kulob biyu ba su san makomarsu ba, domin garin da babu kulob shi ne abin da suke yi wa hukumomin garinsu barazana da shi. Athletics sun bar Oakland bayan kakar 2024, suna zaman wucin gadi a ƙaramin fili a West Sacramento, da niyyar shiga Las Vegas a 2028. Rays na Tampa Bay kuma guguwar Milton ta yaye rufin filinsu a Oktoban 2024, suka yi kakar 2025 a filin atisayen Yankees da ke Tampa. Manfred ya ce zai sauka a Janairun 2029, kuma yana so a zaɓi garuruwan kafin nan. Waɗanda aka fi ambata su ne Nashville, Salt Lake City, Portland, Charlotte da Montreal, wadda ta rasa kulob ɗinta, Expos, bayan kakar 2004. Kuɗin shiga a 1998 dala miliyan 130 ne kowane kulob, yanzu ana maganar sama da biliyan 2. Masu kulob 30 za su raba wannan sau ɗaya, amma daga nan kuɗin talabijin na ƙasa za a riƙa kasa shi 32 har abada, kason kowa ya ragu da kashi 6 da ɗoriya cikin ɗari. Wannan ne lissafin da suke yi a ɗaki, ba taswira ba.

Inda hankalina ya fi tsayawa shi ne 'yan wasa. A 1997 kowane tsohon kulob ya kare mutum 15, sababbin biyu suka tsinci 35-35 daga ragowar. Irin wannan tsintar ba ta hana nasara, tunda Arizona ta ci World Series, wato kofin zakarun gasar, a 2001, kakarta ta huɗu, kodayake Mets sun sha kashi sau 120 a 1962, kakarsu ta farko. Amma kulob na ɗaukar mutum 26, har 13 daga ciki masu jifa. Kulob biyu na nufin sababbin masu jifa 26 a babbar gasa, ban da ƙananan kulob takwas da za a kafa a ƙarƙashinsu. Daga ina za su fito, alhali yanzu ma jijiyar gwiwar hannu na tsinkewa kamar ba gobe? Tiyatar da ake kira Tommy John, wadda Dakta Frank Jobe ya fara a 1974, tana cinye wata 12 zuwa 18 kafin mutum ya dawo. Kuma duk sanda aka ƙara kulob, masu duka ne ke cin moriya: a 1961, shekarar da American ta tashi daga takwas zuwa goma, Roger Maris ya tsallakar da ƙwallo katanga sau 61.

Nan ne dokokin 2023 suka shigo. Agogon jifa yana ba mai jifa sakan 15 in babu kowa a tasha, wato wuraren da mai gudu ke tsayawa a hanyarsa ta zagaye fili, 20 in akwai mai gudu, aka rage zuwa 18 a 2024. Dole ya fara motsin jifa kafin lokaci ya cika, in ba haka ba a rubuta masa bol, wato a ɗauka ya yi jifar da ta kauce. Mai duka kuma ya kasance a tsaye yana duban mai jifa saura sakan 8, in ya makara a rubuta masa sitiraik, wato a ɗauka ya kuskure jifa mai kyau. Da agogon kaɗai aka sa, da masu jifa sun kashe shi ta hanyar sauka daga tudun da suke jifa a kai ko jefa ƙwallo tasha ta ɗaya, shi ya sa aka ce sau biyu kawai za ka yi haka a kan mai duka ɗaya. In ka yi na uku ba ka fitar da mai gudu ba, ya ci gaba tasha ɗaya kyauta. An faɗaɗa tashoshin daga inci 15 zuwa 18, tazarar ta ɗaya zuwa ta biyu ta ragu da inci 4 da rabi. An kuma hana tara masu tsaro gefe ɗaya: biyu dama da tasha ta biyu, biyu hagu, dukansu ƙafa a kan turɓaya.

Sakamakon ya fito fili. Matsakaicin wasa mai zango tara, wato zagaye tara na jifa da duka, ya sauko daga awa 3 da minti 4 a 2022 zuwa awa 2 da minti 40 a 2023. Satar tasha ta tashi daga 2,486 zuwa 3,503, Ronald Acuña shi kaɗai ya saci 73. Ga mai kallo daga Najeriya ko Nijar, wasan New York da ke farawa ƙarfe 12 na dare yanzu yakan ƙare kafin ƙarfe 3. Agogon nan alheri ne, kuma abin da ya sa ya yi aiki shi ne an gwada shi shekaru a ƙananan gasanni kafin a kawo shi. Abin da ya cire zaman banza ne, bai taɓa jifa ko duka ɗaya ba.

Sai dai a 2024 ƙungiyar 'yan wasa ta ɗora laifin raunukan masu jifa a kan rage lokacin, hukumar gasar kuma ta fitar da rahoto a ƙarshen shekarar tana cewa neman gudun ƙwallo da jifa da iyakar ƙarfi ne musabbabi. Na fi yarda da na biyun, domin raunukan sun fara yawa tun kafin agogo. Amma ka haɗa su ka gani: mutum na jifa da dukkan ƙarfinsa, hutun tsakanin jifa ya ragu, tun 2020 dole wanda aka sako ya fuskanci mutum uku ko ya ƙare zangon, an kuma ƙayyade masu jifa 13. A kan wannan za a nemo ƙarin 26. In ba a fara samo dokar da za ta sa mai jifan farko ya riƙa tattalin ƙarfinsa ya kai zango shida ko bakwai ba, ƙarin kulob zai cika gasar da hannayen da ba su nuna ba.

Dokar da ba na so ita ce ta ajiye mai gudu a tasha ta biyu kyauta in an shiga ƙarin lokaci, wadda aka fara a 2020 aka tabbatar a 2023. Tana kare hannaye, na yarda, amma mutumin da bai yi komai ba ya ci wasa. Su ma sun san haka, shi ya sa ba a amfani da ita a wasannin neman kofi.

Ta 2026 kuwa ta yi mini. Alƙali zai ci gaba da yanke bol da sitiraik, amma kowane kulob na da ƙorafi biyu, kuma in ya yi daidai ba a cire masa. Mai jifa, mai cafka da mai duka ne kaɗai ke da iko, nan take, ta hanyar taɓa hula, ba tare da koci ya sa baki ba, sai kyamarorin Hawk-Eye su nuna inda ƙwallon ta bi. Faɗin wurin da ƙwallo za ta ratsa ta zama sitiraik inci 17 ne, samansa kashi 53.5 cikin ɗari na tsayin mai duka, ƙasansa kashi 27. Kuskuren da za ka riƙa gani shi ne mai duka ya ƙone ƙorafi a zango na biyu don haushi, a zo na tara babu abin ƙalubalanta.

Ka sa ido a kan 1 ga Disamba 2026, ranar da yarjejeniyar masu kulob da 'yan wasa ke ƙarewa. Yawan wasanni da yawan masu shiga neman kofi, waɗanda suka zama 12 tun 2022, duk sai an zauna da ƙungiyar 'yan wasa, kuma da wuya a sa hannu kan sabon gari kafin a gama wannan ciniki.

Ka rubuto mini wanne ka zaɓa, huɗu-huɗu ko takwas-takwas, da hujjarka. A gaida uwargida da yara, a kuma miƙa gaisuwata ga su Baba. Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
Amininka