An ce kwana biyu, yau wata uku: wa zai buɗe baki a gidan jinya?

Assalamu alaikum Hajiya,

Barka da ƙoƙari, ke da masu taya ki gudanar da wannan fili na shawarwari. Ni ma'aikaciyar jinya ce da ta ajiye aiki, ina zaune a cikin birnin Katsina. Ba don kaina na rubuto ba. Maganar wani gida ce a unguwarmu aka ɗora mini, kuma irinta ta yi yawa a garin nan har na ga gara a baje ta a faifai. Abin da ya shafi jikin mara lafiya na san shi. Inda na cije shi ne zumunci, wanda ba a koyar da shi a makarantar nas.

Dattijuwa ce da ta haura sittin, daga wani ƙauye a ƙasar Daura. Hawan jini ya kayar da ita, ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshe ya sarƙe. Ta yi mako biyu a gadon asibiti a nan Katsina, aka sallame ta bisa sharaɗin a riƙa kai ta gashi, wato motsa gaɓoɓi a asibiti, sau biyu a mako, ganin likita kuma wata-wata. Tsakanin Daura da Katsina kusan kilomita 80 ne ta Mashi, ban da hanyar ƙauye, kuma ba mai hankalin da zai riƙa jigilar mai shanyewar jiki a motar haya haka. Sai aka sauke ta gidan ɗanta na biyu, malamin makaranta, mai mata ɗaya da 'ya'ya biyar, ɗaki biyu da falo, banɗaki ɗaya. Tare da ita aka zo da ƙanwarta, da autarta mai goyo, da jika ɗaya wai na aike. Gidan mutum 7 ya koma na mutum 12. An ce kwana biyu za a yi. Yau ana cikin wata na uku.

Bari in faɗi girman aikin, domin yawancin masu cewa "ai tana wurin ɗanta, alhamdu lillahi" ba su san abin da ke cikin kalmar jinya ba. Wanda ba ya iya motsa kansa a kan gado dole a juya shi duk bayan awa biyu, dare da rana, wato sau 12 kafin gari ya sake wayewa. Ba jan sa ake yi a kan katifa ba, gogar nan ita ke saɓule fata. Zane ake ninkawa a shimfiɗa a ƙarƙashinsa daga kafaɗa zuwa cinya, mutum biyu su kama gefe da gefe su ɗaga. A karkata shi kaɗan, a tokare bayan da matashi, a sa wani tsakanin gwiwoyi, a sa wani ƙarƙashin ƙwauri yadda diddige zai rataya bai taɓa katifa ba. Kowane juyi sai an duba ƙashin gindi, ƙugu, diddige, idon sawu, kafaɗa, har bayan kunne. A fatarmu ba lallai a ga ja ba. Wurin kan yi duhu fiye da kewayensa, ko ya yi zafi, ko ya yi tauri. Wannan ne farkon gyambon kwanciya, kuma murza shi da man zafi ƙara ɓata shi yake. A ɗauke masa nauyi kawai, a tsare shi daga danshin fitsari.

To yanzu haka akwai gyambo a ƙashin gindin baiwar Allah nan, faɗinsa ya kai murfin kwalba. Mutum 12 a gida, amma daga sallar isha zuwa asuba ba mai juya ta, domin kowa yana zaton wani ne zai tashi. Ba mugunta ba ce. Ba a taɓa zama an ce wance ke ce daga ƙarfe goma zuwa biyu, wance ke ce daga biyu zuwa asuba ba.

Ci da sha ya fi wannan ban tsoro. Ciwon nan yakan raunana haɗiya, sai abin da ya kamata ya bi hanyar ciki ya zarce huhu. Mutane suna zaton tuwo ne haɗari, alhali ruwa tsagwaro ya fi saurin kuɓucewa. Ƙa'ida ita ce a zaunar da ita tsaye cak, haɓa ta ɗan sunkuya, a ba ta da ƙaramin cokali, loma ɗaya sai ta wuce kafin ta biyu. Kunu mai kauri da aka tace, fate mai laushi, tuwo da aka dama da miya ya yi luƙui. In an gama a duba kuncin da ya shanye, abinci yakan maƙale a nan ba ta sani ba, sannan ta ci gaba da zama rabin awa kafin a kwantar da ita. Tari a tsakiyar ci, ko murya ta koma kamar mai kurkure baki, alama ce a dakata. Zazzaɓi da numfashi sama-sama bayan kwana ɗaya ko biyu kuwa, a koma asibiti, ba a jira safiya.

Duk wannan matar gidan ta koya, ta kuma iya. Sai 'yan dubiya su zo. Gwaggo ta taho tun daga ƙauye da fura a ƙwarya, ko da ruwan addu'a a gora, ta tallafo kan mara lafiya tana kwance ta ɗura mata. Ba addu'a nake suka ba, Allah ya kiyaye, kowa yana bukatarta. Hanyar bayarwar ce matsala: a zaunar da ita a ba ta da cokali, ko a shafa mata. Amma wace matar ɗa ce za ta riƙe hannun yayar uban mijinta ta ce "Gwaggo, ba haka ake yi ba"? Kafin magariba labari ya isa Daura cewa ta hana dangi kusantar uwarsu.

Haka gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma da na cikin dunƙulen magi da yaji da kilishi duk ake lissafi. Kanwa ma a rage ta, danginsu ɗaya. Mafita mai sauƙi ita ce a ɗebi miyarta kafin a zuba magi a tukunyar gida, a ƙara mata daddawa da albasa da tafarnuwa don ɗanɗano. Ƙanwarta kuwa in ta ɗanɗana sai ta ce ana ba yayarta abinci lami kamar ba a ƙaunarta, ta ɗauko ƙullin yajinta ta barbaɗa.

Magani kuma wata rigimar ce. An auna jini an ga ya sauka, sai wani ya ce to ai ta warke, a daina ƙwayoyin nan kada su yi mata yawa. Jinin ya sauka ne saboda maganin. Ranar da aka daina zai koma inda ya fito, kuma bugu na biyu yakan fi na farko muni. Wani ya sayo maganin ciwon jiki a kemis, irin su diclofenac, bai san suna tayar da jini suna kuma taɓa ƙoda ba. Wani ya kawo jiƙo a jarka. Wani ya kawo mai ɗori ya ja hannun da ya shanye wai ya miƙe, alhali kafaɗar da naman jikinta ya saki saurin gocewa take, shi ya sa ko tayar da ita za a yi ba a kama wannan hannun, ta ƙugu da bayan kafaɗa ake tallafa. Kalmar gashi ma tana ruɗin mutane, suna zaton wuta ce magani. A asibiti motsa gaɓoɓi ne da koya wa jiki zama da tsayuwa. Ɓarin da ya shanye sau da yawa ba ya jin zafi sosai, saboda haka tsumma da tafasasshen ruwa zai iya sale fata ba ta ce uffan ba.

Yanzu ga inda na fi so ki duba mana, Hajiya. Duk wannan aiki a kan mutum ɗaya ya tattara. Ɗan ba zai yi wa mahaifiyarsa wanka da tsarki ba, kuma da safe yana makaranta. Ƙanwar tsohuwa ce, ita ma bayanta ciwo yake. Autar tana fama da jariri. Jikan yaro ne. Saura matar gida: ita ce wankin zannuwa kullum, ita ce girkin mutum 12, ita ce tashin dare in an tashi. Ta bar wa surukarta ɗakinta ta koma falo da yara, ɗinkin da take yi ya tsaya, kuma ta rame har maƙwabta sun fara tambaya ko ita ma ba ta da lafiya. Malamai suna faɗa mana hidimar iyaye a wuyan 'ya'ya take, abin da matar ɗa ta yi kyautatawa ce da neman lada. A aikace kuwa an mayar da shi wajibinta, har in an ga tabo a zanen gado ita ake kallo.

Sai kuɗi, wanda kowa ke kauce wa ambatonsa. Famfas na manya uku zuwa huɗu a yini, wato 90 zuwa 120 a wata. Safar hannu, auduga, sabulu, ruwan 'yan ga-ruwa da ya ninka saboda wanki, gawayi, shatar kurkura, wato babur mai ƙafa uku, zuwa gashi sau takwas a wata domin ba ta iya shiga ta haɗaka, ga magani, ga shayin baƙi. Duk a albashin malamin makaranta. 'Yan dubiya ba su zuwa hannu rabbana, gaskiya ne, amma abin da suka kawo ƙarƙashin matashin mara lafiya suke turawa, ƙanwarta ta ƙulle a haɓar zane ta ce na Yaya ne. Ko sisi bai taɓa shiga cefane ba. Babban wa yana ƙauye, ya aiko da buhun gero sau ɗaya, a ganinsa mai albashi ba ya rasawa. Wani ƙanen yana Kano, kullum yana bugo waya yana tambaya ko an ba Inna kaza, an yi mata kaza.

Na san hadisin da ya ce baƙunci kwana uku ne, abin da ya wuce haka sadaka ne, kuma bai halatta baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masauki ba. Amma uwa ba baƙuwa ba ce a gidan ɗanta, kuma ba wanda ya ce ita ce nauyin. 'Yan rakiyar fa?

Kada kuma a manta da ita kanta. Rashin magana ba rashin fahimta ba ne. Da yawa daga masu irin ciwonta suna gane abin da ake faɗa, fitar da kalmar ce ke gagara. Ana tsaye a kanta ana lissafin kuɗin famfas, tana ji. Takan fashe da kuka ba dalili, wanda wani lokaci ciwon ne ke kawo shi, wani lokaci kuwa baƙin ciki ne na gaske. In aka ambaci gida sai ta riƙa nuna ƙofa da hannun hagu. Tsorona kada ta fahimci ana jayayya a kanta ta daina cin abinci, ko kuma a yi zuciya a kwashe ta a mayar ƙauye yanzu. Watanni uku zuwa shida na farko su ne lokacin da jiki ya fi karɓar gashi. In aka katse shi a nan, gaɓoɓi za su ƙage, hannun ya dunƙule, kuma gyambon nan ba zai warke a kan tabarma ba.

Abin da nake so in gabatar musu ba shi da wuya a takarda. Masu jinya biyu masu ƙarfi sun isa, 'ya'yanta mata da sauran matan 'ya'yanta su riƙa karɓa-karɓa mako bibbiyu, sauran su koma gida. A rubuta jadawalin juyi a manna a bango, a ajiye littafi ɗaya na awon jini da lokacin magani. Kowane ɗa ya yanka abin da zai riƙa bayarwa duk wata, a haɗa da na 'yan dubiya a hannun mutum ɗaya. Dubiya ta zama bayan la'asar, a taƙaice, ba ba da abinci. Komawa gida kuma kada a ɗaura ta a kan ranar wata, a ɗaura ta a kan alamu: gyambo ya rufe, tana zama bakin gado ba tallafi, mutum ɗaya yana iya mayar da ita kujera, haɗiya ta daidaita, likita ya yarda. Kafin nan a gyara can ɗin: gado mai tsayin gwiwa, kujerar roba da aka huda a sa bokiti a ƙasa maimakon tsuguno a masai, da wanda zai riƙa kai ta babban asibitin Daura awon jini da karɓar magani.

Faɗar ce ta gagare ni. Ni bare ce, wanke gyambo aka kira ni. In na yi magana za a ce matar gidan ce ta sa ni, in kuma mijin ya yi za a ce an shanye shi, ya gaji da uwarsa. Wa ya kamata ya kira wannan zama, kawunsu ko limamin unguwa, ko kuwa shigo da wani ma tonon asiri ne? Da wane lafazi ake ce wa ƙanwar uwa ta koma gida ta huta ba tare da ta ji an kore ta daga jinyar 'yar'uwarta ba? Kuɗin da ke haɓar zanen nan, a taɓo maganarsa ko a bar shi a matsayin asara don a tsira da sauran? Ita matar gidan, ta zauna a wurin ko ta ba su wuri? Mara lafiyar kuma, a yi a gabanta tunda maganarta ce, ko a ɓoye mata?

Babban wan nasu ya aiko cewa zai shigo Katsina ranar Juma'a ta sama, ya kwana ɗaya ya juya. In ya tafi ba a yi wannan magana ba, sai kuma bayan an gama girbi. Don Allah ki taimaka da amsa kafin ranar.

Wassalam.

Taki,
Tsohuwar nas, daga cikin birnin Katsina