Barka da Sallah daga Leipzig

Assalamu alaikum Baba da Inna,

Barkanku da Sallah, Allah Ya maimaita mana. Da fatan an yi layya lafiya, kuma saƙon da na turo ya iso kan lokaci. A gaishe min da Hajiya Kaka, da Yaya da yaranta, da Auta. Mu nan mun yi Idi da sassafe a masallaci, daga nan kowa ya kama gabansa, domin Jamus ba ta ba da hutun Sallah. Ni na roƙi hutu a wurin aiki, da la'asar kuma na leƙa wani gida da nake son in ba ku labarinsa.

Gidan Felix Mendelssohn ne, mai tsara kiɗa kuma jagoran makaɗa, an mayar da shi gidan tarihi. An haife shi a Hamburg a 1809, ya zo garin nan a 1835 ya karɓi jagorancin makaɗan Gewandhaus, babban zauren kiɗa na garin, a 1843 kuma ya kafa makarantar koyon kiɗa wadda har yau tana aiki. Akwai wani ɗaki a gidan da za a miƙa maka 'yar siririyar sanda ka tsaya gaban jerin lasifikoki. In ka gaggauta hannu kiɗan ya gaggauta, in ka sassauta ya sassauta. A nan na gane nauyin aikinsa: mutum ɗaya ne yake riƙe da makaɗa masu yawa kada su watse.

Amma abin da ya tsaya min a rai shi ne na kakarsa. Yana yaro ta ba shi kyautar kwafin wani babban aiki na Bach, tsohon gwanin tsara kiɗa da ya rasu a garin nan tun 1750, aikin da kusan an daina jin ɗuriyarsa. Yaron ya riƙe takardun nan yana nazari, har a 1829, yana da shekara 20, ya tara mawaƙa da makaɗa a Berlin ya jagorance su suka gabatar da shi. Daga nan mutane suka waiwayi Bach. Shi Mendelssohn kansa bai yi tsawon rai ba, ya rasu a 1847 yana da shekara 38, 'yan watanni bayan rasuwar yayarsa Fanny. A 1936 'yan Nazi suka tumɓuke mutum-mutuminsa saboda asalinsa Bayahude ne, amma da yake ayyukansa a rubuce suke, ba su iya shafe su ba.

Wallahi sai Hajiya Kaka ta faɗo min a rai. Waƙoƙin daka da na niƙa da take rerawa, da na raino da ta yi mana goyo da su, babu wanda ya rubuta ko ɗaya, kuma tun da injin niƙa ya shigo unguwa 'yan mata ba sa koya.

Baba, in ka amince, Auta ta zauna da ita a kwanakin Sallar nan tun baƙi ba su watse ba, ta naɗi muryarta a waya, ta tambaye ta wurin wa ta koyi kowace waƙa. Kada a matsa mata, in ta gaji a bari sai gobe. A turo min ta WhatsApp, ni zan rubuta su. Kuɗin data yana wuyana.

Inna, a ci gaba da sa ni a addu'a.

Ɗanku,
daga Leipzig