Barka da Sallah daga ajin manya

Assalamu alaikum Baba da Umma, da duk mutanen gida.

Barkanmu da Sallah, barkanmu da shan ruwa. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. Na kira da safe layin ya yi ta yankewa, ban tsinci komai ba sai muryar Umma da hayaniyar yara, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, Auta ta karanta muku idan baƙi sun ragu. Lafiyata ƙalau. Idi a cikin masallaci muka yi saboda ruwan sama, jam'i bayan jam'i, don wurin ba ya ɗaukar mutane gaba ɗaya. Nan Ingila ba a ba da hutun Sallah, kowa a wurin aikinsa yake roƙa. Na fito da kwalliyata na tarar da bas cike da masu sammakon aiki, ko kallo ban ishe su ba.

Baba, tambayar da kuka yi mini cikin azumi ita nake so in amsa, don ranar na amsa ta a gurguje. Kun ce wane irin aiki ne wannan, bayan duk karatun da aka sha, mutum ya koma koyar da baƙaƙe. Na kuma ji Kawu yana yawo da ni a dangi, wai na tafi ƙasar Turawa ina koya musu Turancinsu. A gaya masa ko Bature ɗaya babu a ajina.

Ƙungiyar agaji nake yi wa aiki a nan Birmingham, kwana uku a mako, a wani zaure da coci ta ba mu aro. Ɗalibaina duk manya ne, ƙaraminsu ya haura ashirin, babbansu kuwa ba zai rasa sa'ar Baba ba. Akwai 'yan Siriya da yaƙin da ya fara a 2011 ya kora, akwai 'yan Afganistan da suka fito bayan Taliban ta karɓe Kabul a Agustan 2021, akwai 'yan Eritriya, da Kurdawa, sannan tun da rikicin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 'yan can suka ƙaru. A bakinmu dukansu 'yan gudun hijira ne, amma a wurin hukuma kashi biyu ne. Akwai wanda aka riga aka amince da shi bisa yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951, wato an yarda in ya koma za a tsangwame shi saboda ƙabilarsa, ko addininsa, ko ra'ayinsa na siyasa da makamantansu. Shi yana iya aiki kamar kowa. Akwai kuma mai neman mafaka, wanda ya shigar da buƙata yana jiran hukunci. Wannan galibi an hana shi aiki, abin da ake ba shi a mako bai kai fam 50 ba, idan kuma a otal aka ajiye shi ana ba shi abinci, ko fam 10 bai cika ba. Ajin kwaleji da gwamnati ke biya ma sai ya yi wata 6 yana jira kafin ya cancanta, in ya cancanta kuma ya tarar da layi. Mu muke tare wannan giɓin. Har kuɗin bas muke mayar musu, in ba haka ba rabin kujerun fanko za su zauna.

Abin da ya fi ba ni wuya da farko shi ne yadda aji ɗaya ke haɗa mutanen da ba abin da ya haɗa su sai rashin Turanci. Ga wanda ya yi shekaru yana haɗa magunguna a Halab ta Siriya, ga kuma a gefensa matar da ba ta taɓa riƙe fensir ba, ko a harshenta. Shi na farkon mako biyu ya gane tsarin, saura ƙamus. Ita kuwa sai na fara da yadda ake ɗora yatsu, da inda layi yake farawa. Masu Larabci da Farisanci hannunsu ya saba tafiya daga dama, sai ka ga mutum ya buɗe littafin daga baya ya soma. 'Yan Eritriya suna da nasu baƙaƙen daban, na Tigirinya, kowane harafi da wasalinsa a jikinsa. Larabci ba shi da harafin p, don haka masu Larabcin duk sai su mai da shi b. Ranar da na tsaya ina gyara musu, da takarda a gaban leɓe don su ga iska tana kaɗa ta, wani saurayi ya ɗaga hannu cikin ladabi ya ce, Malama, ke ma naki p ɗin wani lokaci f yake fita. Ajin ya kwashe da dariya, ni ma na yi. Ai gaskiya ya faɗa.

Ba nahawu muke farawa da shi ba. Suna, adireshi, ranar haihuwa, da yadda ake cike fom. Wanne ne sunan yanka, wanne ne na iyali, tunda a wurin da yawansu sunan uba da na kaka ne ke bin na mutum, Bature kuma gurbi biyu kawai ya bari. Da dama a takardunsu an rubuta 1 ga Janairu, saboda ba a ajiye ranar haihuwarsu ba, jami'i ya zaɓa musu. Sai lambar 999 ta gaggawa, da 111 idan ciwo ne da bai kai na motar asibiti ba. Sai kiran asibitin unguwa da sassafe don neman ganin likita, wanda shi ne dodon kowa. Nakan juya kujerata in ba su baya, in zama mai amsa waya, in yi magana da sauri kamar yadda ake yi, don a waya babu hannu babu fuska da mutum zai kama.

Umma, wannan ke za ki fi gane shi. Akwai wata baiwar Allah 'yar Afganistan, mai 'ya'ya biyar, da ta zo tana zama a ƙarshen aji ba ta cewa uffan. Wata rana bayan an tashi ta tsaya, da hannu da 'yan kalmomi ta fahimtar da ni abin da ya kawo ta. Ciwon mata ne yake damunta, kuma duk zuwanta asibiti ɗanta mai shekara 12 ne yake mata tafinta. Ta gwammace ta ce wa likita kanta ke ciwo, a ba ta maganin ciwon kai ta dawo gida, da ta faɗi abin a gaban yaron. Ta fi shekara a haka. Muka ware makonni, mu mata zalla, muka koyi sunayen gaɓoɓi da yadda ake cewa tun yaushe, da ina ne, da yaya zafin yake. Na koya mata jimla biyu da na ce ta riƙe kamar karatun sallah: ina son likita mace, ina son tafinta. Haƙƙinta ne ta nema, ba ta sani ba ne kawai. Ranar da ta je ita kaɗai ta dawo, ba ta ce mini komai ba, hannuna ta kama ta matse, ta wuce kujerarta. Yanzu a layin gaba take zama, har tana gyara wa maƙwabciyarta.

Ni ma na yi tawa wautar. A watannina na farko na buɗe littafi na tarar da darasin iyali, na bi shi yadda aka rubuta, ina zagayawa ina tambayar kowa 'ya'yansa nawa. Na iso kan wata mata, ta ɗaga yatsu uku, ta dube su, ta naɗe biyu. Ajin ya yi tsit. Na rasa inda zan sa kaina, na ce a buɗe shafi na gaba, wanda shi ma kuskure ne. Ba ta zo ba mako biyu. Tun daga ranar ba na tambayar kowa iyalinsa, ko garinsu, ko ta ina ya biyo. Hotuna nake yankowa daga mujallu mu ƙirƙiro iyalin da babu su, mu raɗa musu suna, mu aurar da su, mu sa su faɗa da mai gidan haya. Wanda ya so ya kawo nasa labarin da kansa, sai in saurara.

Su kuma wasiƙun ma'aikatar cikin gida, in ka ga mutum ya shigo da ambulan a aljihun gaba yana taɓa shi, to ranar ba karatu a kansa. Zan iya karanta masa abin da aka rubuta, amma doka ta hana wanda ba shi da izini ba da shawara kan shige da fice, sai dai in haɗa shi da lauya. Wani lokaci kuma a wayi gari kujera ba kowa, an mai da mutum wani gari cikin kwana biyu, littafinsa na nan a kabad da rabin shafi.

Baba, ga wanda na ajiye muku. Cikin azumin nan ina tattara takardu, biro ya faɗi ya shige ƙarƙashin tebur, na ce kai, wannan abu da ban haushi yake. Sai na ji daga baya an ce, a hankali Malama, ga shi nan wajen ƙafarki. Da Hausa! Na juya, wani ɗan Sudan ne da ya yi wata guda a ajin, dogo, mai yawan shiru, tela ne a Khartum kafin yaƙi. Ya ce shi ɗan Mai Wurno ne, kusa da Sannar a bakin Shuɗin Nilu, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa da jama'ar da suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Hausarsa ta tsofaffi ce, da Larabci a cikinta, wasu kalmomin tun rasuwar Kaka ban ƙara jin su ba. Ya ce tun ranar farko ya zarge ni daga yadda nake cewa to, amma ya ji nauyin tambaya. Kakanninsa sun bar gida da ƙafa, shi kuma ga shi ya biyo ta Libiya da teku. Wannan ɓangaren a jimla ɗaya ya faɗe shi, ban nemi ƙari ba.

Na kafa masa sharaɗi, a cikin aji Turanci, Hausa sai an tashi. Yana karya shi kullum. In na yi bayani bai shige shi ba sai ya sunkuyar da kai ya ce, Malama, don Allah da namu. Ni kuma in ƙi, don ranar da zai tsaya gaban mai ɗaukar aiki ba ni a wurin. Burinsa ya koma kan keken ɗinki. Mun fara da kalmomin awo, da inci da santimita, da yadda zai tambayi mai kaya ko a rage ko a ƙara. Can gaba, in Allah ya sa an amince da shi har ya kai ga neman zama ɗan ƙasa, akwai jarrabawar sanin rayuwar Birtaniya, tambaya 24 cikin minti 45, sai ka ci 18. Na taɓa gwada ta a gaban ajin, ban faɗa musu nawa na ci ba.

Yau bayan Idi mun ɗan taru a zauren, har da Kiristocin Eritriya, waɗanda su ma suna da dogon azuminsu kafin Ista, sun san zafin abin. Dattijon ajin ya miƙe ya yi mana barka da Turanci, jimla huɗu da ya kwana uku yana haddacewa. Ya manta ta ukun, ya tsaya, babu wanda ya tsoma masa baki, har ya kamo ta da kansa.

Telan ya ce lallai in gaishe ku, ya ce in ce wa Baba ɗansa na gabas yana neman addu'a. Ku sa shi a ciki, da sauran. A gaida Gwaggo da jiki, a gaida Yaya da mai ɗakinsa da yara. Kawu ma a gaishe shi, duk da haka. Auta, ki karanta a hankali, kada ki tsallake wajen Umma. Zan sake gwada layin jibi bayan la'asar ɗinku, gobe ina da aji tun ƙarfe goma, ban ma gama yanka hotunan ba.

Wassalam,
'yarku.