Gardamar Addini da Mulki Ta Girmi Ƙasar Isra'ila

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku mai farin jini domin in gyara wata magana da nake yawan ji a majalisarmu ta bayan La'asar, wato cewa bakin Yahudawa ɗaya ne kan matsayin addini a mulkin ƙasarsu. Tarihi bai nuna haka ba.

Theodor Herzl, wanda ya kira taron farko na Sahayoniyawa, wato masu fafutukar kafa wa Yahudawa ƙasa, a birnin Basel na Suwizalan a 1897, ɗan jarida ne da ibada ba ta dame shi ba, kuma ra'ayinsa shi ne malamai su tsaya a wuraren ibadarsu kamar yadda soja yake tsayawa a bariki. Ƙungiyar Mizrachi ta Sahayoniyawa masu riƙo da addini, wadda aka kafa a 1902, ta nemi ƙasa mai bin Attaura, alhali wasu manyan malaman Yahudawa suna ganin kafa ƙasa kafin zuwan Almasihu azarɓaɓi ne.

Da lokacin kafa ƙasar ya matso, sai David Ben-Gurion, wanda daga baya ya zama firaministan Isra'ila na farko, ya aika wa Agudat Yisrael, ƙungiyar Yahudawa masu tsananin riƙo da addini, wasiƙa a watan Yunin 1947, inda ya yi alkawarin cewa Asabar za ta zama ranar hutu, za a kiyaye dokokin abinci a ɗakunan girkin gwamnati, aure da saki za su bi addini, makarantun addini kuma za su ci gashin kansu. A ganina wannan jinkirta shari'a ne kawai, domin ko a sanarwar kafa ƙasar ta 14 ga Mayu, 1948, sun kasa daidaitawa kan ambaton sunan Ubangiji, sai suka rubuta "Dutsen Isra'ila" don kowa ya fassara yadda ya so. Har yau ba su da kammalallen kundin tsarin mulki. Wanda kotun malamai ba za ta ɗaura wa aure ba yakan tafi ƙasar Saifurus ya ɗauro, sannan ɗaliban addini kimanin 400 da aka yafe wa aikin soja a farko sun yi yawan da a 2024 Kotun Ƙoli ta ce dole a ɗauke su.

Mu da muka ga yadda wakilan Musulmi suka fice daga zauren tsara kundin mulkin Najeriya a 1978 kan batun Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wannan gardama ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, duk tsawon muhawarar, ba a nemi jin ta bakin Falasɗinawan da ke zaune a ƙasar ba.

Naku,
Malamin makaranta mai ritaya,
daga wani ƙauye a Ƙaramar Hukumar Gwaram, Jihar Jigawa.