Rahoton ayyukan shekara ga 'yan ƙungiya

Assalamu alaikum 'yan uwa manoman rani. Tarukan wata-wata dai an yi su, ban da na watan azumi da aka ɗage.

Na san tambayar kowa ita ce ina satifiket ɗin shaidar bin ƙa'idar noma da aka ce za mu samu bana. To bai fito ba, kuma don Allah a daina ɗora wa kwamiti. Masu duba gona ba sa karɓar fatar baki, littafi suke son gani, ranar da ka yi feshi, sunan maganin, yawan da ka zuba a tanki da kwanakin da ka jira kafin ka tsinki tumatir. Mun raba littattafan tun ana zuba iri amma wasu sun dawo da nasu ko layi ɗaya babu, kuma takardar nan ta rukuni ce, in mutum ɗaya ya gaza zai iya jawo wa kowa. Ga kuɗin wata ko rabinmu ba su biya ba, da me za a kawo mai dubawa? Ɗakin ajiyar magani ma a linta ya tsaya saboda haka.

Abin da ya faranta mana rai shi ne ranar gonar gwaji a Kadawa, wallahi ranar ta yi kyau. Mutane sun zo daga Kura da Bunkure har da dillalan Kwanar Gafan. Malamin gona ya ɗaga tarkon ƙamshi kowa ya ga mazan malam-buɗe-littafin sharon, tsutsar nan mai cinye tumatir, sun maƙale a ciki, ya ce sai an duba tarko an duba ganye kafin a ɗauki famfo, ba feshi duk sati don maƙwabci ya yi ba. Matanmu suka nuna yadda ake daka 'ya'yan darbejiya a jiƙa su kwana a tace a yi feshi da ruwan. Duk wanda sharon ta cinye wa gona a 2016 ya tsaya har ƙarshe yana tambaya, musamman kan canza magani don kada tsutsar ta saba da guda ɗaya.

Amma waɗanda ba a ganinsu sai ranar rabon iri, haba jama'a, ya isa haka. Ma'aji zai zauna bayan sallar Juma'a mai zuwa, kowa ya zo da bashinsa da littafinsa a cike.

Sakatare