A ba tsofaffin Nagasaki littafin asibiti

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Rahotonku kan kyautar Nobel da Nihon Hidankyo, ƙungiyar waɗanda suka tsira daga bam ɗin nukiliya a Japan, ta samu a 2024 ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Tun 1957 Japan ke ba waɗanda bam ɗin nukiliya ya shafa ɗan littafin da suke nunawa a duba lafiyarsu kyauta. Amma a Nagasaki akwai tsofaffin da tokar bam ɗin ta zubo wa gonakinsu a 1945, aka hana su littafin don kawai ƙauyukansu na wajen layin da aka ja a taswira. Abin na min ciwo. Kundin cututtuka na duniya, ICD-10, ya ware wa raunin makamin nukiliya lambar Y36.5, kuma bai tambayi unguwar mutum ba.

Ya kamata gwamnatin Japan ta bi bayanin likitoci, ta ba su littafin tun suna raye. Yawancinsu sun haura shekara 80.

Naku,
Mai karatu daga Kano